Tarihin Marigayi Malam Umaru Altine, Ɗan Lardin Sakkwato Da Ya Zama Magajin Garin Inugu Na Farko

Duk wanda ya zauna a ƙasar Bagudo, tun daga Matsinkai da Geza har zuwa Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje, ba sai an gaya masa yadda ake zama da baƙo ba. Mu mutanen bakin iyaka ne. A kasuwanninmu ana cinikin hatsi da kifi da dabbobi da Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci, wani ya ƙetaro daga Jamhuriyar Benin da safe ya koma gida da yamma. Haka kuma 'ya'yanmu da yawa suna can kudancin ƙasar nan suna neman abinci a garuruwan da su ne baƙi a cikinsu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wani bawan Allah da ya fito daga tsohon Lardin Sakkwato, lardin da ƙasarmu ta Gwandu take cikinsa a zamanin Turawa, ya tafi fataucin shanu garin Inugu mai ma'adinin kwal, har mutanen garin suka ɗora shi a kan shugabancinsu. Shi ne Marigayi Malam Umaru Altine.

Asalinsa

Malam Umaru Altine Bafulatani ne, kuma ana danganta asalinsa da garin Sifawa, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta Jihar Sakkwato a yau. Sifawa ba ɓoyayyen gari ba ne ga mutanen ƙasar Gwandu. A nan ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya tashi daga Gwandu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a zamansa na Sifawa ne ya raba ɗawainiyar daula, ya danƙa sashen yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, sashen gabas kuma ga ɗansa Muhammadu Bello. Sunan Altine kuwa, kamar yadda muka sani, suna ne da ake kiran wanda aka haifa ran Litinin.

Masu ba da tarihinsa sun nuna cewa ya taɓa aikin soja na ɗan lokaci, ya kuma taɓa aiki a reluwe, amma sana'ar da aka san shi da ita, wadda kuma ta zaunar da shi a Inugu, ita ce fataucin shanu.

Hanyar shanu

Dalilin wannan fatauci a fili yake. Ƙasashen kurmi na kudu suna da ƙudan tsando mai sa wa shanu ciwon sammore, saboda haka manyan shanu irin namu ba sa daɗewa a can. Naman da ake ci a biranen kudu daga Arewa yake zuwa. Da farko korar shanun ake yi a ƙasa, a bi burtali wata da watanni, wasu su rame, wasu su mutu a hanya. Da layin dogo ya iso Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, sai falken Lardin Sakkwato ya sami damar loda dabbobinsa a tarago, a bi da su ta Zariya da Kaduna da Kafancan zuwa Makurɗi. Kafin a gama gadar kogin Binuwai a 1932, sai an ƙetarar da taragun a kan jirgin fito. Daga nan sai Inugu, wasu kuma su zarce Umuahia inda babbar karar shanu ta gabas take.

Falken shanu ba ya rayuwa da kuɗi kaɗai, da amana yake rayuwa. Idan ya sauka a zango akwai mai masauƙi, akwai dillali mai cin la'ada, akwai mahauta da za su ɗauki sa bashi sai sun sayar da nama su biya. Wanda ya daɗe a wannan harka dole ya san harshen mutanen gari, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya iya raba gardama ba tare da an je gaban alƙali ba. A wannan makaranta Malam Umaru ya yi karatun zama da jama'a. Ya zauna a Inugu, ya auri 'yar ƙabilar Ibo, ya hayayyafa a can. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma shi bai yi zaman raɓa ba.

Garin da kwal ya haifa

Ba za a fahimci yadda Bafulatani ya shugabanci Inugu ba sai an san irin garin da Inugu yake. Ba tsohon birni ba ne mai ganuwa da fada da gidan sarauta irin Birnin Kabi ko Gwandu ko Argungu. A farkon ƙarni na ashirin babu wani birni a wurin, sai ƙauyukan mutanen Ngwo a kan tsauni da gonakin mutanen Nike da maƙwabtansu a ƙasa. Sunan ma daga kalmomin Ibo biyu ya fito, masu nufin kan tudu.

A 1909 ne wani Bature masanin duwatsu mai suna Albert Kitson, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa binciken ma'adinai a kudancin Nijeriya, ya gano kwal a tsaunukan Udi. Kwal wani baƙin dutse ne mai kama da gawayi, wanda ya samu daga itatuwa da tsirrai da ƙasa ta binne tun zamani mai nisa, kuma yana cin wuta da zafin da ya fi na itace nesa ba kusa ba. A wancan lokaci da shi jiragen ƙasa da na ruwa suke tafiya, kuma daga Ingila ake kawo shi da tsada. Saboda haka Turawa ba su yi wasa da wannan samu ba. Suka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, suka shimfiɗa layin dogo mai tsawon mil 151 daga can zuwa gindin tsaunin. An fara haƙa a 1915, kwal na farko ya isa Fatakwal a 1916, a 1917 kuma aka buɗe mahaƙar kwarin Iva, aka kuma ba wurin matsayin gari a hukumance. Da sunan Enugu Ngwo aka fara kiransa, sai a 1928 aka yanke Ngwo ɗin.

Aikin ramin kwal aiki ne na wahala ƙwarai. A jikin tsauni ake fasa ƙofa a kutsa ciki, ana tokare rufin da gumagumai don kada ya rufta. Masu sara suna duƙe da diga a cikin zafi da ruwa da ƙarancin iska, wasu na loda abin da aka sara a akwatunan ƙarfe masu ƙafafu, wasu na tura su a kan siririn dogo zuwa waje. A shekarun farko sarakunan da Turawa suka naɗa ne suke tattaro leburori daga ƙauyuka, da yardarsu ko ba da yardarsu ba, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Onyeama na garin Eke, wanda ya rasu a 1933. Dattawanmu da suka ji labarin aikin tilas na haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba za su yi mamakin wannan ba.

Ya kamata mu lura cewa Arewa ta ci moriyar wannan gumi. Jirgin da ya kwashi gyaɗar Kano da audugar Gusau da fatu da ƙiraga zuwa bakin teku da kwal ɗin Inugu yake tafiya, haka ma'aikatun kuza na Jos sun yi amfani da shi, har ƙasar Gana ta yau ana kai wa jiragenta. Ita ma taragar shanun Malam Umaru kwal ne ya ja ta.

Da aiki ya buɗe sai mutane suka yi ta kwararowa: akawuna da masu sana'ar hannu daga Onica da Owerri da Kalaba, Yarabawa ma'aikatan reluwe, mutanen Saliyo da na Gana, da Hausawa da Fulani masu shanu da mahauta da 'yan koli. Unguwar leburori ta Ogbete, wadda ake kira sansanin kwal, ta cika ta batse. Daga baya gwamnati ta mayar da garin hedikwata, ta Lardunan Kudu a 1929, sannan ta Lardunan Gabas a 1939. Ke nan Inugu gari ne da kusan kowa a cikinsa zuwa ya yi. Ba-Ibon da ya zo daga Owerri shi ma baƙo ne a idon ɗan Ngwo, ko da yake harshensu ɗaya.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949

Abin da ya sauya siyasar Inugu, har ma da ta Nijeriya baki ɗaya, ya faru ne a mahaƙar kwarin Iva. Ma'aikatan kwal, ƙarƙashin ƙungiyarsu wadda Okwudili Ojiyi yake sakatarenta, sun yi imani cewa hukumar mahaƙar tana riƙe musu wasu kuɗaɗen ariya. Maimakon su bar aiki, sai suka shiga yin sa da sanyin jiki da gangan. Hukuma ta sallami masu sara da yawa, su kuma suka ƙi fita, suka zauna a wurin aikin. Gwamnati ta tsorata kada nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a mahaƙun su faɗa hannun matasa masu zafin ra'ayin neman 'yanci, don haka ta tara 'yan sanda daga wasu sassan ƙasa, har da na Arewa, aka tura su kwashe nakiyoyin.

A kwarin Iva ma'aikata suka taru suna kallon abin da ake yi, domin a ganinsu kwashe nakiya alama ce ta rufe mahaƙar. Babban jami'in 'yan sanda, wani Bature mai suna F. S. Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka sami raunuka, alhali ba su ɗauke da bindiga. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba. A Legas shugabannin siyasa da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamitin gaggawa guda. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Fitzgerald, a 1950 kuma aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya don ta karɓi ragamar mahaƙun.

Mun tsaya a kan wannan waƙi'a ne saboda wani dalili. Da mutanen Inugu sun ga dama, da sun riƙe Arewa a zuci, tunda akwai 'yan Arewa a cikin 'yan sandan da aka kawo. Amma sun san wanda ya ba da umarni, sun kuma san mulkin da ya aiko shi. Shekara bakwai kacal bayan wannan jini, ɗan Arewa ne ya hau kujerar shugabancin garin.

Shigarsa siyasa

Jam'iyyar da ta mamaye gabas a lokacin ita ce NCNC, wadda aka kafa a 1944 da Herbert Macaulay a matsayin shugaba da Dakta Nnamdi Azikiwe a matsayin sakatare. Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904 kuma yake jin Hausa, shi ya gaji shugabancin bayan rasuwar Macaulay a 1946. Jam'iyyar tana kiran kanta ta ƙasa baki ɗaya, kuma a Arewa ta ƙulla ƙawance da NEPU ta su Malam Aminu Kano. Bayan gwamnati ta haramta ƙungiyar matasa mabiya Zik a 1950, sai da yawa daga cikin 'ya'yanta suka koma ƙarƙashin reshen matasa na NCNC.

A wannan reshe ne tauraron Malam Umaru Altine ya fito, har ya zama shugabansa na garin Inugu. Wannan ba kujerar ado ba ce. Matasan jam'iyya su ne masu shirya taro, su ne masu bi unguwa-unguwa, su ne kuma 'yan sanda suke fara kamawa. Marigayi Mbazulike Amechi, wanda ya riƙe sakatarcin ƙungiyar matasan, daga baya ya zama ministan harkokin jiragen sama a Jamhuriya ta Farko, ya sha ba da labarin cewa tare aka kama su da Malam Umaru, tare kuma suka sha ɗauri a gidan kaso saboda gwagwarmayar neman 'yanci. A ganinmu a nan ne asirin karɓuwarsa yake. Mutumin da yake da dukiyar shanu, yake da garin da zai koma idan abu ya ɓaci, amma ya zaɓi ya shiga kurkuku tare da abokansa, ba za a sake kallonsa a matsayin ɗan ci-rani ba.

Kada a manta kuma cewa zamanin ba na lumana ba ne tsakanin Arewa da Kudu. A watan Mayun 1953 an yi mummunan rikici a Kano tsakanin mutanen birni da mazauna Sabon Gari, bayan taƙaddamar da aka yi a majalisar Legas kan ƙudurin neman mulkin kai a 1956, an kuma yi asarar rayuka. Duk da wannan Malam Umaru bai tattara kayansa ba, abokan siyasarsa ma ba su juya masa baya ba.

Magajin Gari

A nan akwai buƙatar ɗan bayani, musamman ga ma'aikatan ƙananan hukumomi. A Arewa a wancan lokaci mulkin En'e ake yi: sarki da majalisarsa, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa, kuma sarautar Magajin Gari da muka sani a Sakkwato da Gwandu ta gado ce da naɗi. Jihar Gabas kuwa ta ɗauki wata hanya dabam tun daga dokar ƙananan hukumomi ta 1950, inda aka kwaikwayi tsarin Ingila na majalisun da jama'a suke zaɓa. Gari yakan kasu mazaɓu, kowace mazaɓa ta fitar da kansila, majalisar ta kula da kasuwanni da tsabtar gari da hanyoyin cikin unguwa da mayanka da tashoshin mota da karɓar kuɗin shiga. Irin wannan tsari bai game ƙasa duka ba sai da aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

A 1956 aka ɗaga darajar Inugu zuwa birni mai cin gashin kansa a harkokin gari, wanda shugaban majalisarsa yake ɗauke da laƙabin da muke fassarawa da Magajin Gari. Wanda aka fara zaɓa a wannan kujera shi ne Malam Umaru Altine. Ba ƙaramin gari aka ba shi ba: hedikwatar Jihar Gabas ce, inda Firimiya Azikiwe da ministocinsa da majalisar dokoki suke zaune. Hausawa da Fulanin garin kuwa 'yan tsiraru ne, ko da sun haɗa ƙuri'unsu kaf ba za su iya naɗa kowa ba. Goyon bayan 'yan Ibo da sauran mazauna garin ne ya kai shi.

Shekarunsa a kujerar sun zo daidai da ganiyar kwal. A 1956 aka buɗe tashar lantarki ta Oji mai aiki da kwal, a 1957 masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki, a shekarar ce kuma Jihar Gabas ta sami mulkin kai. Wajen 1958 zuwa 1959 abin da ake haƙowa a shekara ya haura tan 900,000, adadin da ba a sake kaiwa ba a mahaƙun Inugu. Albashin dubban ma'aikata yana shiga kasuwar Ogbete, mahauta suna yanka, masu gidajen haya suna gini.

Sai dai ba za mu ɓoye cewa a ƙarƙashin wannan haɗin kai akwai wata wuta da take ci ba. 'Yan asalin yankin, mutanen Udi da kewaye, su ne suka fi yawa a aikin cikin rami mai haɗari, alhali aikin ofis da filaye da kwangila da kujerun majalisa sun fi yawa a hannun waɗanda suka zo daga Onica da Owerri da sauran wurare, waɗanda suka riga su samun ilmin boko. Wannan ya sa mutanen Udi da Nsukka da Awgu suka kafa ƙungiyar haɗin kai don neman haƙƙinsu na 'yan ƙasa, rigimar kuma ta shiga har cikin reshen jam'iyyar NCNC na garin. Koken nasu yana da tushe, domin ƙasarsu ce aka haƙa, 'ya'yansu ne kuma suka fi mutuwa a ciki. Amma daga ranar da aka fara tambayar ɗan takara garin ubansa kafin a tambayi aikinsa, ƙofar da irin su Malam Umaru suka shiga ta fara ƙunci. Ya riƙe kujerar har zuwa 1958.

Abin da ya biyo baya

Kwal ma bai daɗe a kan ganiyarsa ba. A 1956, shekarar da Malam Umaru ya hau kujera, aka sami man fetur a Oloibiri, a 1958 aka fara fitar da shi waje. Hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai sayen kwal, ta shiga sauya kawunan jiragenta zuwa masu shan man dizal, aka fara rage ma'aikata a mahaƙu. Sai kuma fitinar 1966 ta zo, aka yi kashe-kashe, 'yan gabas suka bar Arewa, 'yan Arewa suka bar gabas. A garin Inugu ne aka yi shelar ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, sojojin tarayya suka kama garin a watan Oktoba na shekarar, yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 1970. A tsawon wannan lokaci ruwa ya cika ramukan da aka bari. An yi ƙoƙarin farfaɗo da su bayan yaƙi, har an kawo injuna daga ƙasar Foland, amma aikin bai koma yadda yake ba, kuma a farkon shekarun 2000 Hukumar Kwal ta daina haƙa a Inugu. Haƙar kwal ta koma wasu wurare, irin su Okaba a Jihar Kogi da Maiganga a Jihar Gwambe.

Malam Umaru Altine ya riga mu gidan gaskiya shekaru masu yawa da suka wuce, amma sunansa yakan taso a jaridu da majalisu duk lokacin da aka shiga gardamar ɗan ƙasa da baƙo, gardamar da mu ma a ƙananan hukumominmu muke cin karo da ita wajen ba da takardar shaidar ɗan asali, da rabon rumfunan kasuwa, da filin noma da na kiwo.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma a wannan ranar ce aka ƙirƙiro Jihar Inugu daga tsohuwar Jihar Anambra. Jihar ta ɗauki kirarin birnin kwal, an kuma kafa gumakan tunawa da ma'aikatan da aka harbe a 1949 a wani shataletale kusa da sabuwar kasuwar garin. Shanun Arewa har yanzu suna sauka a Inugu, sai dai a tirela suke zuwa, ba a tarago ba, kuma kasuwar da ke unguwar Awkunanaw har gobe Gariki ake kiranta.

Allah ya jiƙan Malam Umaru Altine, ya gafarta masa kurakuransa, amin.